Sarari a bayan ramukan rim ɗin ƙarfe, da bol ɗin taya da ke saki: me ke faruwa?

Wani mai karatu ne ya aiko da tambayar. Yana gyara tsohuwar Mercedes 200 ƙirar W123 mai rim ɗin ƙarfe na inci 14. Ya kai rim ɗin duka an yi musu fenti ciki da waje, da aka ɗora ya haska tocila ta baya, sai ya ga rim ɗin bai kwanta gaba ɗaya a jikin hob ba, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a kansa, akwai ɗan sarari daidai bayan kowane ramin bol. Bayan kwana uku da fara hawa kuma ya tarar bol biyu na tayar baya ta hagu sun saki. Bakanikensa ya ba shi shawarar a cusa wosha a bayan ramukan a cike sararin, sannan a sa fayif a wil-sifana a ɗaure sosai. Yana son sanin ko rim ɗin ne ya lanƙwashe, kuma ko shawarar ta yi.

Malam, kada ka sa wosha, kada kuma ka bari a hau fayif. Sararin da ka gani tun daga masana'anta aka bar shi, kuma yana cikin abubuwan da ke hana taya kwancewa. Abin da ya sassauta maka bol, bisa yadda ka kwatanta, fentin na fi zargi. Amma sai ka ga yadda aka ƙera rim ɗin kafin maganar ta zauna maka.

Cire ɗaya ka kifa shi a ƙasa, bayansa na kallon sama. Tsakiyar rim ɗin ƙarfe faranti ne da aka buga a injin matsi, kaurinsa bai wuce milimita uku zuwa huɗu ba. Ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Shafa da yatsa za ka ji kowane ramin bol yana kan ɗan tudu da aka turo zuwa waje, wato daga bayan nan da kake kallo wurin ya lotsa kamar cikin ludayi. Kusa da ramukan kuma, ta ciki wajen ramin tsakiya da ta waje, akwai wurare masu laushin taɓi da suka ɗan taso, a wasu rim zobe ne cikakke, a wasu guntu-guntu ne tsakanin rami da rami. A tsohon rim da ba a taɓa yi wa sabon fenti ba, nan ne za ka ga ƙarfe ya goge yana sheƙi. Waɗannan wuraren kaɗai aka nufa su taɓa hob, kamar yadda tukunya ke zama a kan duwatsun murhu ba tare da gindinta ya taɓa ƙasa ba. Idan aka ɗaure bol, kansa yana danna tudun nan zuwa ciki, tudun ya ɗan lanƙwasa, ya riƙa turo kan bol ɗin baya. Ya zama sifirin ke nan. Sararin da ke bayansa shi ne wurin da yake lanƙwasawa a ciki.

Dalilin da ya sa ake buƙatar wannan sifirin yana jikin bol ɗin kansa. Bol ba ya riƙe abu sai ya ɗan miƙe, kamar roba, sai dai miƙewarsa ido ba ya gani. Bol ɗin motarka M12 ne, kaurinsa milimita 12, tazarar tiredinsa, wato zaren da ke jikinsa, milimita 1.5, kuma an tsara a ɗaure shi da ƙarfin juyi 110 Nm (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin juya sifana). Idan tiredi busasshe ne mai tsabta, wannan ɗauri yana sa kowane bol ya matse rim da ƙarfin da ya kai kusan tan huɗu da rabi. Biyar ɗin sun haura tan ashirin. Amma da yake bol ɗin gajere ne, duk miƙewar da ya yi ba ta wuce wajen kashi biyar ko shida cikin ɗari na milimita ɗaya ba, kaurin gashin kai ke nan. To ka duba: duk abin da ya lotsa tsakanin kan bol da hob da kaurin gashi guda, ya cinye miƙewar, matsin ya tafi. Rim ɗin alminiyom yana da kauri a wurin, shi ya sa ake ba shi dogon bol mai miƙewa da yawa. Na ƙarfe siriri ne, bol ɗinsa gajere, don haka aka sa farantin kansa ya ƙara nasa miƙewar. Idan wani abu ya ɗan lotsa, tudun ya biyo shi ya ci gaba da matsewa. Wosha a bayan rami tana kashe wannan aikin gaba ɗaya. Ta kuma ɗaga rim ɗin daga wuraren zamansa na gaskiya, ya koma yana tsaye a kan ƴan zobba biyar da kaurinsu ma ba lallai ya zo ɗaya ba.

Mutane da yawa suna zaton jikin bol ne ke ɗauke da nauyin mota, kamar ƙusa da aka rataya wa buhu. Idan komai yana daidai, bol ba ya jin nauyin mota ta gefe ko kaɗan. Cizon da ƙarfen rim ya yi wa ƙarfen hob saboda matsin tan ashirin ɗin nan shi ke riƙe da komai, da nauyi, da birki, da kwana, da faɗawa rami. Ko da kashi ɗaya cikin biyar na matsin ne ya zama cizo, ya kai tan huɗu, alhali nauyin da ke kan kowace taya a motarka a tsaye bai kai rabin tan ba. Ranar da matsi ya ragu har rim ya fara ɗan zamewa a jikin hob, ranar ce bol ke fara ɗaukar duka ta gefe. Kowane juyin taya yana lanƙwasa shi gaba da baya, ramin rim yana cinyewa ya zama kamar ƙwai, bol ya gaji ya karye ko ya warware. Haka ma ɗan leɓen hob da ke shiga ramin tsakiya, wanda a Mercedes faɗinsa milimita 66.6 ne: aikinsa ya saita taya a tsakiya lokacin ɗorawa, bayan an ɗaure kuma cizo ne ke aiki.

Akwai tsofaffin motoci da ba su da wannan leɓen sam. Volkswagen Beetle na kafin ƙirar 1968 yana da bol biyar da ke jere a kan da'ira mai faɗin milimita 205, tsakiyar rim ɗin wawakeken rami ne da ba ya taɓa komai, bol ɗin ne kaɗai ke saita shi. Citroën 2CV kuma tsakiyar rim ɗinta a rufe take ruf, noti uku ne a da'irar 160. A irin waɗannan, yadda ka fara ɗaure bol shi ne yadda taya za ta zauna, idan ka kuskure za ka ji sitiyari na rawa ko da an yi wa taya balansi. Ko wajen balansin ma, injin da ke kama rim ta ramin tsakiya ba ya yi musu, sai an samu farantin da ke kama su ta ramukan bol.

Yanzu fenti. Fentin masana'anta siriri ne ƙwarai, kuma gasasshe. Wanda mai fenti ya fesa maka, da farin shafi na ƙasa, da launi hawa biyu ko uku, wataƙila da mai sheƙi a sama, cikin sauƙi kaurinsa zai kai kashi goma cikin ɗari na milimita ko ya wuce. Kuma wuri biyu ya shiga: cikin mazaunin bol ta gaba, wato bakin ramin da kan bol ke zama, da wuraren zama ta baya. Ranar da aka ɗaure, sifana ta ji tauri, kowa ya tafi gida. Da ka fara tafiya birki ya yi zafi, zafin ya ratsa zuwa rim, fentin ya yi laushi, matsin tan huɗu ya matso shi gefe. Tudun rim ya bi shi iya ƙarfinsa, amma abin da ya lotsa ya fi ƙarfin sifirin. Bol bai ma juya ba tukuna, matsinsa ya riga ya zube. Daga nan sai girgiza ta ƙarasa aikin. Idan ka cire tayar za ka ga shaida: fenti ya tattare ya yi kunya a bakin mazaunin bol, a baya kuma ya murje ya manne a jikin hob. Kasancewar ta hagu ce ta fara saki ma ba abin mamaki ba ne. Idan rim ya samu ɗan wasa, yadda yake mirginawa a kan bol a gefen hagu yana tura tiredin dama, wato irin wanda aka saba, wajen kwancewa. Saboda haka ne motocin Chrysler, Dodge da Plymouth na Amurka suka yi amfani da tiredin hagu a tayoyin hagu har zuwa 1970, da harafin L a kan sandar notin, kuma tsofaffin manyan motocin Japan da yawa haka suke. Wanda bai sani ba yana kwancewa yana ƙara ɗaurewa har ya karya.

Gyaran ba shi da tsada. Cire tayoyin duka huɗu, har da safaya idan ita ma ta sha fenti. Samu samfefa mai lamba 120, naɗe ta a jikin ɗan katako mai shimfiɗaɗɗiyar fuska, ka goge wuraren zama na bayan rim har ƙarfe ya bayyana ko ya rage ɗan siririn shafin ƙasa. Kada ka yi amfani da injin gurza, yana cin ƙarfe ya bar kwari da tudu. Mazaunin bol kuma da yatsa za ka yi shi, ka naɗa samfefa ka juya a ciki har fenti ya fita, ƙarfen kada ka rage shi. Wasu suna zura bakin injin huda mai faɗi su "share" ramin, wannan ɓata siffar mazauni ne, rim ɗin ya tashi daga aiki. Fuskar hob da ta faifan birki a bi su da burushin waya har tsatsa ta fita, musamman gindin leɓen tsakiya inda take taruwa ta yi ɓawo, a share da tsumma da ɗan fetur ko tina, a bari ya bushe. Tsatsa da busasshen laka irin aikin fenti suke yi, suna murƙushewa su zama gari bayan an ɗaure. Giris kuwa iyakarsa leɓen tsakiya, shi ma ɗan shafi kawai don kada rim ya manne. Kada ya taɓa fuskar da ake son cizo.

Kafin ka mayar, yi gwaji biyu da za su gaya maka ko rim ɗin yana da sauran rai. Na farko, ɗora rula ta ƙarfe a tsaye a bayan rim, ta ratsa kan wuraren zama ta bi ta kan rami ɗaya. Ya kamata rular ta zauna daram a kan wuraren zama, ka ga haske tsakaninta da bakin ramin. Idan bakin ramin ya taɓa rular, ko rular tana lilo a kansa, an taɓa ɗaure wannan rim fiye da kima har tudun ya durƙushe. Ba ya dawowa. Na biyu, shafa alli ko tawadar alƙalamin maka a fuskar hob, ɗora rim, ɗaure bol uku da hannu da ɗan ƙarfi, ka cire. Launin ya kamata ya fito a bayan rim a zagaye, daidai kan wuraren zama. Idan gefe ɗaya kaɗai ya ɗauka, akwai abin da ya tokare ko farantin ya karkace. Abubuwan da ke tokarewa a tsofaffin motoci sanannu ne: kan sukurun da ke riƙe durom ɗin birki idan bai nutse ba, kamar a motocin Ingila da yawa, ƴan zobban gwangwani da masana'antun Amurka ke sa wa sandar noti don riƙe durom, kan ribiti, ko ramin tsakiyar rim ɗin wata mota da ya matse wa leɓen hob ya hana shi shiga har ƙarshe. Rim ɗin asali an bar wa waɗannan abubuwa wuri a cikin lotsawarsa, na aro ba lallai ba.

Sai bol ɗin kansu, kuma a nan ne na fi son ka tsaya da kyau, don motar da ta shekara arba'in da wuya a ce duk bol ɗinta na asali ne. Jera su ashirin ɗin a kan tebur ka dubi ƙarƙashin kansu. Mazauni iri uku ne. Akwai mai tsini kamar mazurari, gangarensa miƙaƙƙe a kusurwar digiri 60, shi ne a yawancin motocin Japan da Amurka. Akwai mai kumburi kamar gindin ƙwarya, shi ne na Mercedes, da Volkswagen, da Honda. Akwai kuma shimfiɗaɗɗe mai wosha a jikinsa, irin na rim ɗin alminiyom na Toyota. Naka mai gindin ƙwarya ne. Matsalar ita ce M12 mai tazarar 1.5 ana samunsa da mazaunin mazurari ma, na BMW misali, kuma zai shiga hob ɗinka sumul ba gardama. Amma mazurari a cikin ƙwarya ba ya zama da dukan jikinsa, a siririn layi ɗaya yake taɓawa. Tan huɗu a kan layi kamar zare yana tauna ƙarfen rim, ya lotsa, bol ya saki, a sake ɗaurewa, ya sake taunawa. Ko a cikin masu gindin ƙwarya akwai bambancin girman kumburi, na M12 ɗin Mercedes lanƙwasarsa ta milimita 12 ce, na Beetle mai bol huɗu ta 14. Gwajin maka yana aiki a nan ma: shafe gindin bol da maka, zura shi a ramin rim ka murza da hannu. Idan ya dace, launin zai goge a faffaɗan zobe. Idan siririn layi ka gani a sama ko a ƙasa, ba nasa ba ne.

Tsawo ma abin dubawa ne, kuma a W123 yana da haɗari na musamman. Bol ɗin rim ɗin alminiyom na wannan mota ya fi na ƙarfe tsawo. Idan aka sa dogon a rim ɗin ƙarfe a baya, bakinsa yana leƙawa cikin tukunyar da ke tsakiyar faifan birki inda takalman hambirki da sifirin ɗinsu suke, ya kama su ya fasa. Wani lokaci kana juya taya da hannu za ka ji ƙas-ƙas, wani lokaci sai an tashi mota. Gajere fiye da kima kuma tiredi kaɗan yake kamawa. Ƙirga zagaye nawa bol ke yi daga inda ya fara kamawa zuwa inda ya zauna: a M12 mai 1.5 kada ya gaza shida da rabi. A motocin da ke da sanda a jikin hob ana ɗaura noti, irin Peugeot 504 da aka haɗa a Kaduna, matsalar takan zo ta wata fuska. Noti mai rufaffen kai yana iya cika da sanda kafin ya matse rim, ko tiredin sandar ya ƙare kafin noti ya iso, ko kuma ramin rim ya cinye ya faɗaɗa har tsinin noti ya zarce ya taɓa durom. A duka ukun sifana za ta ji tauri kamar an ɗaure, rim kuwa yana kwance sako-sako a ƙarƙashi. Alamarsa, bakin tsinin notin yana sheƙi ko ya daku. Tiredin Peugeot da Nissan kuma 1.25 ne, na Toyota da Mercedes 1.5, kauri ɗaya amma ba sa shiga juna. Notin da ya yi zagaye biyu ya cije, a cire shi, kada a tilasta.

Idan akwai rim ɗin da aka sayo daban, auna da'irar ramukansa. Ta motarka 112 ce. Akwai 114.3 mai rami biyar da ta cika kasuwa, kuma a ido kamar ɗaya suke, har bol yakan shiga. Bambancin ya fi milimita ɗaya a kowane rami, don haka kowane bol zai zauna a gefe ɗaya na mazauninsa, ɗauri ya lanƙwasa shi. Auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar na kusa da shi: 112 tana ba da milimita 65.8, 114.3 tana ba da 67.2. Irin wannan tarko yana tsakanin 98 ta Fiat da 100 ta sauran motoci masu rami huɗu. Rim ɗin da aka faɗaɗa wa rami da fayil don ya shiga, ko aka cike ramin da walda aka sake hudawa, ni ban yarda a ɗora shi a motar da ke ɗaukar mutane ba. Walda tana canja taurin ƙarfen a wurin da ya kamata ya yi aikin sifirin, kuma ba mai iya sake fitar da mazauni daidai da hannu. Haka duk wanda ka ga tsaga ta taso daga bakin rami, ko da gajeriya ce.

Maganar fayif kuma lissafi ne mai sauƙi. 110 Nm daidai yake da ka rataya kilo 11 a ƙarshen sanda mai tsawon mita ɗaya, ko kusan kilo 28 a ƙarshen sifana mai santimita 40. Mutum mai kilo 70 idan ya taka ƙarshen wannan sifanar da dukan nauyinsa ya ba da wajen 275 Nm, tun kafin ya yi tsalle. A fayif mai mita ɗaya ya kusa 700. A 275 ɗin ma ana neman bol ya ɗauki fiye da tan goma sha ɗaya, alhali M12 mai lambar ƙarfi 8.8 a kansa yana fara miƙewar da ba ta dawowa tun wajen tan biyar da rabi, mai 10.9 wajen tan takwas da rabi. Abin da ke biyo baya: tudun rim ya durƙushe, bol ya yi siririn wuya, tiredin hob ya ja. Taya da aka yi wa haka ta fi saurin saki nan gaba, don sifirin biyun duka sun mutu. Bindigar iska ta masu faci ma haka take idan aka sake mata. A kwance da ita ba laifi, ɗauri na ƙarshe dai da hannu. Bol ɗin da ka san an taɓa hawa, gwada shi da noti mai kyau, ya bi tiredin daga farko har ƙarshe da yatsu. Inda ya cije a tsakiya, nan ya miƙe, a jefar.

Kada kuma a shafa baƙin mai ko giris a tiredi ko a gindin bol. Kusan kashi tara cikin goma na ƙarfin da kake sa wa sifana gogayya ce ke cinye shi, a tiredi da ƙarƙashin kai, kashi ɗaya kaɗai ke zama matsi. Lambar 110 an fitar da ita ne a kan busasshen ƙarfe. Da mai, gogayya ta ragu, 110 ɗin nan sai ta ba da matsin da ya ƙaru da kashi uku ko huɗu cikin goma, ka wuce iyaka kana ganin kana daidai. Tiredi mai tsatsa kuma akasin haka ne, sifana ta cika matsi bai kai ba. Burushin waya ya ishe shi.

Ga yadda za ka ɗora. Mota a kan jak, taya ba ta taɓa ƙasa. Zaunar da rim a leɓen hob, tura shi da tafin hannu har ka ji ya buga ƙarfe. Sa bol biyar duka da yatsu, kana ɗan jijjiga tayar don kowane gindi ya sami ƙwaryarsa. Kada ka ɗaure ɗaya tamau sauran suna sako-sako, yana jan rim gefe ya hana sauran zama. Bi su da sifana a tsallake, ka ɗaure ɗaya ka tsallake na kusa da shi, kamar kana zana tauraro, in huɗu ne kuma kishiya da kishiya. Zagayen farko wajen rabin ƙarfi, 50 zuwa 60. Juya tayar da hannu ka saurara, ka kuma kafa wani abu kusa da bakin rim ka ga ko yana kaɗawa, kaɗawar da ta wuce milimita ɗaya da rabi tana son bincike. Sauke jak har taya ta ɗan taɓa ƙasa yadda ba za ta juya ba, nauyin mota bai gama sauka ba, sannan ka cika 110 da sifana mai awo, a tsallake, ka sake zagayawa sau ɗaya. Jan sifanar a hankali, da ta yi ƙas ka tsaya. Idan a zagayen farko na cika 110 ta yi ƙas bol bai motsa ba sam, ba ta gaya maka komai ba, mai yiwuwa an riga an wuce, sassauta ka sake. In ba ka da mai awo, aro ya fi, amma ko sikelin rataye da aka maƙala a ƙarshen sifana aka ja shi a miƙe zuwa kilo 28 a santimita 40 ya fi ƙiyasin ƙafa nesa ba kusa ba. Kowace mota da lambarta: Beetle mai bol biyar 100 ne, mai huɗu na M14 wajen 130, tsohuwar Mini mai siraran sanduna wajen 60 kawai. Kada a ɗauki ta wata a kai wa wata.

Bayan kilomita 50 zuwa 100, taya ta huce, sake bin su da sifana mai awo ba tare da ka sassauta ba. Da yake rim ɗinka sun sha sabon fenti, ƙara dubawa sau ɗaya bayan wasu ɗaruruwan kilomita. Idan a dubawa ta biyu babu wanda ya motsa, sun zauna. Idan bol ɗaya ya ci gaba da karɓar ɗauri kowane lokaci, wannan ramin ko wannan bol ɗin yana da matsala, musanya bol ɗin da na wani rami ka ga ko sakin zai bi bol ko zai tsaya a ramin. Bol biyun da suka riga suka saki a tayar hagu kuwa a canja su da sababbi, tare da duba ramukansu da kyau, domin sun yi kwana uku suna shan lanƙwasa. Daga nan, duk lokacin da kake wanke mota ka riƙa kallon kewayen kan bol: jan gari kamar barkono, ko layin tsatsa da ya taso daga rami ya nufi bakin rim, yana nuna ƙarfe na gugar ƙarfe a wurin, kuma yakan bayyana tun kafin ka fara jin ƙwanƙwasa a kwana.